Cima ce linzamin tattabarar tsere

Tattabarar gida da tattabarar tsere asalinsu ɗaya, amma kiwonsu ya sha bamban. Ta gida a rataya mata tulu ko akwati a jikin katanga, a watsa mata gero, ta tafi wurin sussuka ko bakin kasuwar hatsi ta ƙarasa cika cikinta, ta dawo ta yi 'yan shila. Ta tsere kuwa ana so a kai ta garin da ba ta taɓa gani ba, a buɗe kwando, ta juyo gida ba tsayawa, kuma da isowarta ta faɗa ɗaki maimakon ta zauna a kan rufi tana gyaran gashi. Irin da ake tsere da shi yau a Beljiyam aka gyara shi cikin ƙarni na 19, a wajajen Antwerp da Liège, kuma har yanzu can ne cibiyar abin. A shekarar 2020 an sayar da wata macen tattabara 'yar Beljiyam mai suna New Kim a kan Yuro miliyan 1.6. Kada wannan kuɗi ya ruɗi kowa. Tsuntsu mai kyakkyawan jini da aka sa a ɗaki mai danshi, aka bar masa hatsi a gabansa dare da rana, bai fi na kasuwa da komai ba.

Abu na farko da ke jawo wa sabon mai kiwo asara shi ne ya sayi manyan tattabarun tsere, ya tsare su mako biyu kamar yadda ake yi wa na gida, sannan ya sake su. Ba za su dawo ba. Abin da ka saye su dominsa, wato komawa gidan da suka tashi, shi ne zai raba ka da su. Babbar da aka sayo tana zama a kulle ne ta yi ta haihuwa, 'ya'yanta su ne za su tashi a gidanka. Idan kana son wadda za ka saka, sayi 'yar kwana 28 zuwa 35 wadda ba ta taɓa fita ba. Duk wadda ta shigo kuma, ko daga hannun wa ta fito, a ware ta a keji daban na mako uku zuwa huɗu ana duba kashinta da cikin bakinta kafin ta haɗu da sauran. Zoben da ke ƙafa ba shaidar jini ba ne, shaida ce kawai cewa wani ya sa mata zobe tana ƙarama. Tambayi mai sayarwa nisan da iyayen suka taɓa dawowa daga gare shi.

Ɗakin ba sai ya yi tsada ba, amma akwai abin da ba a sassautawa a kansa: bushewa, iska, da rashin cunkoso. Ɗaki mai mita 2 a tsawo, 2 a faɗi, 2 a tsayi zai ɗauki tattabaru 20, amma da zafin ƙasarmu 16 sun fi. Kada tsayinsa ya wuce inda hannunka zai kai, in ba haka ba duk ranar da za ka kama ɗaya sai an yi kokawa, tsuntsayen kuma su zama masu tsoro. A ɗaga daɓen daga ƙasa kamar santimita 40 zuwa 50. Littattafan Turawa sukan ce fuskar ɗaki ta kalli gabas don hantsi, amma a Kano ko Sakkwato ko Damagaram daga gabas hadari ke tasowa, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas take busowa, yamma kuwa ranar la'asar ce za ta gasa su. Kudu ta fi. Rufin kwano tsirara a watan Afrilu tanda ce, don haka a yi silin na katako ko a shimfiɗa zana a saman kwanon, a bar tazara ta santimita 15 zuwa 20 tsakanin bango da rufi don iska mai zafi ta fita. Wannan tazara da duk wata kafa a rufe su da ragar waya mai ƙananan idanu, wadda ba ta wuce rabin inci ba. Ragar kaji mai manyan idanu ba ta hana ɓera, ba ta hana maciji. Da damina a ƙara ragar sauro a kai. Hanya mai sauƙi ta gane ko iskar ta isa: shiga da sassafe kafin a share. In ka ji zarni ya bugi hancinka, huhunsu ya kwana yana shan sa.

A ciki, wuraren zama su fi tsuntsayen yawa, kowanne da ɗan katako a ƙarƙashinsa don kada na sama ya yi wa na ƙasa kashi. Akwatin sheƙa na ma'aurata ya kai santimita 60 a faɗi, 40 a zurfi, 40 a tsayi, yadda zai ɗauki kasko biyu, domin macen takan sake yin ƙwai tun 'yan shilan farko suna da kamar mako biyu. A waje kuma akwai allon sauka, da ƙofar da ake shiga ba a fita: jerin sandunan waya masu lilo da tsuntsu zai tura ciki da ƙirjinsa, amma ba sa buɗuwa ta waje. Da dare a rufe ta da katako, don mage ma ta iya tura waya.

Yanzu ga inda yawancin aikin yake. Tattabarar tsere mai nauyin giram 400 zuwa 500 tana cin giram 30 zuwa 40 na hatsi a rana, wato kamar cokali biyu zuwa biyu da rabi na cin abinci a cike. Ƙaramin sikeli na kicin zai raba ka da kintace: tattabaru 20, giram 600 zuwa 800 a yini. A raba kashi uku, ɗaya da safe, biyu da yamma, kuma kullum bayan sun tashi sun sauko, ba kafin ba. Duk lokacin da za ka zuba, ka yi kira iri ɗaya, ko fito ko kaɗa gwangwani mai ɗan hatsi a ciki, kuma a cikin ɗaki ake ci, ba a tsakar gida ba, ba a kan rufi ba. Da ka ga biyu ko uku sun bar abinci sun nufi ruwa, to an isa, ka kwashe ragowar. Wadda ta yi taurin kai ta zauna a waje aka gama ci, ta kwana haka. Sau biyu ya ishe ta darasi. Wannan ba mugunta ba ce, domin wadda ta saba zaman rufi ita shaho ke ɗauka, ita ce kuma za ta dawo daga Zariya a kan gaba sannan ta ɓata minti ashirin a saman eriya.

Hatsin da muke da shi a kasuwanninmu ya wadatar, ba sai an jira buhun da aka shigo da shi daga Turai ba. Ga masu tashi, a cikin awo goma: masara 4, dawa 2, gero 1, shanshera 1, wake 2. Ga masu kwanci da ciyar da 'yan shila, da masu sauya gashi, a ƙara wake don shi ne mai gina jiki: masara 3, dawa 2, alkama 1, gero 1, wake 3. Ƙananan wake sun fi sauƙin haɗiya, haka ma masarar gugguru ta fi manyan ƙwayoyi ga yara. In za a sa waken suya sai an soya shi sama-sama tukuna, domin ɗanyensa yana hana jiki narkar da abin da ya ci. Shansherar nan tana da wani amfani na daban: ba sa son ta, ita suke bari a ƙarshe. In sun cinye har da ita, da sauran yunwa, ka ɗan ƙara gobe. In suka bar ta da yawa, ka wuce gona da iri. Iyayen da ke ciyar da 'ya'ya ne kawai ba a yi wa awo, su ci su ƙoshi sau biyu ko uku a rana.

Gyaɗa da riɗi su ne man tafiya. A doguwar tafiya kitse tattabara ke ƙonawa, shi ya sa ake ƙara mata ƙwayar gyaɗa 3 zuwa 5 da ɗan riɗi a kwana biyu ko uku na ƙarshe kafin a kai ta nesa. A sauran kwanaki gyaɗa ta zama ta lallashi, a ba ta da hannu, don babu abin da ke sa tattabara ta saba da mai ita kamar gyaɗa. Amma in ta yi yawa ƙiba ce, mai ƙiba kuwa minti goma za ta yi a sama ta sauko tana haki. Kama ta ka shafa ƙashin ƙirjinta: in yana da kaifi kamar wuƙa ta rame, in ya nutse cikin nama ba ka jin sa ta yi ƙiba. Daidai shi ne naman ya cika gefe da gefe, fatar ta yi ja-ja mai tsabta, tsuntsun kuma ya ji ba nauyi a hannu duk da cikarsa.

Ingancin hatsin ya fi lissafin haɗin muhimmanci. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna tana ɗauke da guba mai lalata hanta, kuma wankewa ko shanyawa ba sa cire ta. A zubar. Sabon hatsin kaka da bai gama bushewa ba yana sa zawo. Ciza ƙwaya ɗaya, in ba ta fashe da ƙara ba a ƙara mata rana. Masarar da aka ɓarza tana saurin lalacewa, a bar ta ƙwaya. Mafi haɗari shi ne waken da aka zuba wa maganin ƙwari don ajiya, da irin shuka mai launi da aka shafa wa magani. Shinshina kafin ka saya, ka tankaɗe ƙura, ka ajiye a durom mai murfi inda ɓera ba zai yi fitsari a kai ba.

Tattabara ba ta da haƙori, ƙundunta ne ke niƙa, shi kuma sai da tsakuwa. A ajiye ƙaramin kwano kullum da ƙananan tsakuwa, dakakken jan bulo, gawayi, ɓawon kawa irin wanda ake sayarwa wurin masu abincin kaji, da ɗan gishiri kaɗan. A canza shi duk bayan kwana biyu ko uku don yana jan danshi. Macen da ta rasa wannan ita ce ke yin ƙwai mai taushin ɓawo, ko ƙafafunta su saki bayan ta saka. Wadda kuma ka ga tana sauka bakin kwata tana tsattsagar ƙasa, gishiri take nema, a can kuma take kwaso tsutsa.

Ruwa: tana shan kamar mililita 30 zuwa 60 a rana, da bazara ko lokacin ciyar da 'ya'ya ya ninka. Ba kamar kaza take sha ba, tsoma baki take yi ta zuƙa, saboda haka zurfinsa ya kai santimita 3 zuwa 4 ko fiye. Mazubin ya zama mai murfi, a ɗaga shi daga ƙasa, a wanke a canza sau biyu a rana. Ruwan randa ya fi wanda ya yini a jarka cikin rana. Wanka sau ɗaya ko biyu a mako a baho mai zurfin santimita 8 zuwa 10, a waje, kuma a zubar da zarar sun gama kafin su sha.

Game da haihuwa a taƙaice: bayan an haɗa su da kamar kwana goma macen za ta yi ƙwai na farko da yamma, na biyu bayan awa 44 ko kusa da haka. Namiji yana kwanci daga hantsi zuwa la'asar, mace sauran lokacin, a ƙyanƙyashe a kwana 17 zuwa 18. Haska ƙwan da tocila a kwana na shida, in ba jijiyoyin jini a ciki fanko ne. Kwanakin farko iyayen biyu suna ɗura wa 'ya'yan wani abu mai kama da kindirmo da ke fitowa daga jakar abincin da ke ƙasan wuyansu. Zobe mai faɗin milimita 8 ana sa shi ne a kwana na 6 ko 7, in an wuce haka ƙafar ta yi girma. A yaye a kwana 25 zuwa 28, lokacin da gashi ya rufe ƙarƙashin fiffike, kuma a tsoma wa kowanne baki a ruwa a ranar farko, don ɗan shilan da ka ga yana lumshe ido a lungu yawanci ƙishirwa ce, bai gano mazubi ba. Lokacin da ya fi dacewa a nan shi ne daga Oktoba zuwa Fabrairu: sauro ya ragu, hatsi ya yi sauƙi, zafi bai zo ba. Zubi uku a shekara ya isa, sannan a raba maza da mata su huta.

Cututtukan da suka fi yin ɓarna sanannu ne. Akwai ciwon baki da ke fitar da wani abu rawaya kamar cuku a maƙogwaro. Ta ruwan sha yake yaɗuwa, iyaye kuma su ɗura wa 'ya'ya. Kada a ɓanɓare shi da ƙarfi, jini zai ɓalle. Flagyl yana maganinsa, kamar miligiram 25 ga babbar tattabara a rana har kwana biyar, wato kashi ɗaya cikin takwas na ƙwaya mai miligiram 200. In ya yi yawa yana taɓa jijiyoyi, tsuntsu ya riƙa tangaɗi. Akwai kuma 'yar'uwar annobar nan da ke share kaji da hunturu: kashi ya zama ruwa tsululu, sha ya ƙaru, daga baya wuya ya murɗe, tsuntsu ya kai sara ya kuskure ƙwaya. Wannan ba ta jin kowane kafso, rigakafi ne kawai, tun suna mako huɗu zuwa shida sannan duk shekara, kuma likitan dabbobi ne zai nuna wanda ya dace. Shi ya sa ba a haɗa ɗakin tattabaru da akurkin kaji. Ƙurajen da ke fitowa a gefen ido da baki da ƙafa da damina sauro ne ke kawo su. Sukan bushe su faɗi cikin mako uku zuwa huɗu, a shafa aidin, a ware mai su. Kumburin gaɓar fiffike, ɗingishi, rama, da 'ya'yan da ke mutuwa a cikin ƙwai alamar wata cuta ce da ɓera ke yawan yaɗawa, kuma wadda ta warke takan ci gaba da ɗauke da ita. Tsutsar ciki da koren zawo kuwa 'ya'yan daɓe mai danshi ne. A kankare kashi kowace safiya, ya tafi gonar albasa inda yake da daraja. Wani maganin tsutsa na dabbobi yana lalata gashin da ke tsirowa, don haka kada a ba da shi lokacin sauya gashi ko ga masu ƙananan 'ya'ya ba tare da an tambaya ba. Buɗe fiffike ka ɗaga shi ga haske: ƙananan huji ko dogayen ƙwari a jikin gashi ƙwarƙwata ce, ƙudan nan mai faɗi da ke gudu a kaikaice cikin gashi kuwa jini yake sha yana kuma sa musu cutar jini. Ɗabi'ar zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa duk mako "don tsaro" tana cikin abin da ya fi ɓata min rai a harkar nan, domin ranar da ciwon gaske ya zo maganin ya riga ya daina ci. Mai kiwon ma ya kula da kansa: farar ƙurar gashinsu da busasshen kashi suna taɓa huhun mutum, a sa takunkumi in za a share.

Horo yana farawa daga yaye. A sa yaran a kejin waya a kan allon sauka na kwana huɗu ko biyar su ƙare wa unguwa kallo, kowace rana a kira su su shiga ta ƙofar waya su ci. Sakin farko da yamma ne, kamar awa ɗaya kafin magariba, da yunwa a cikinsu, ba kora, ba tafi, ba yara masu jifa. Waɗanda aka ƙyanƙyashe a gida kada a bari su wuce mako shida da ƙyanƙyashewa ba su fita ba, don a lokacin fiffike ya fi hankali ƙarfi, tashi ɗaya za su yi su wuce inda suka sani. Bayan 'yan makonni za su haɗu su riƙa tashi a garke, sannan su fara ɓacewa daga ido na minti arba'in ko awa guda. Sai sun kai nan ake maganar kwando. A koya musu kwana a cikinsa da shan ruwa daga mazubin da ke rataye a jikinsa, domin tsuntsun da bai iya sha a kwando ba da ƙishi zai tashi.

Daga wata uku a fara: kilomita 2, sai 5, sai 10, kowanne sau biyu ko uku, sannan 20, 40, 80. In an isa wurin a ajiye kwandon minti goma zuwa sha biyar su natsu, nesa da wayoyin lantarki. In suka sha wuya a wani zango, a koma na baya. Suna gane hanya da rana, da maganaɗisun ƙasa, da ƙamshin iska, a kusa da gida kuma da abin da ido ya saba gani, har manyan tituna sukan bi. Saboda haka ranar da hazo ya rufe rana ba ranar saki ba ce, haka ranar da hadari ya haɗo. Da bazara a sake su da fitowar rana yadda za su iso kafin ƙarfe tara ko goma. Tattabara ba ta gumi, da haki take rage zafi, kuma a zafin da ya haura digiri 40 sauka za ta yi neman ruwa inda mai danƙo ke jira. A duba fiffike ma. Manyan gasun tashi goma ne a kowane gefe, suna zuba ɗaya bayan ɗaya daga ciki zuwa waje, kuma wadda na tara ko na goma ke tsirowa, ko wuyanta ya yi sanƙo, a bar ta a gida.

Ba wadda ta riga sauka ce lallai ta ci ba, tunda gidaje ba nisansu ɗaya ba. Ana auna nisan kai tsaye daga wurin saki zuwa kowane ɗaki, abin da wayar hannu ke yi yanzu cikin sauƙi, a raba da mintunan da aka yi. Daga Zariya zuwa Kano a miƙe kamar kilomita 136 ne. Wadda ta yi shi cikin awa biyu ta yi mita 1,133 a minti. Daga Kaduna zuwa Kano kamar kilomita 200 ne, daga Abuja kusan 345. Abokai biyar ko shida da agogon da aka daidaita sun isa su shirya wannan, kuma ba ya bukatar a sa kuɗin caca kafin ya yi daɗi. 

Wadda ta dawo daga nesa ruwa take fara bukata, mai ɗan gulukos ko zuma cokalin shayi ɗaya a lita, sannan ƙananan hatsi masu sauƙi kamar gero da farar dawa, wake da masara sai washegari. Wadda ta kwana a hanya ko ta yi kwanaki a ware ta, don ba a san inda ta sha ruwa ba, a duba ƙirjinta ko waya ta yanke ta, kuma kada ta sake shiga kwando sai naman ƙirjin ya dawo, ko da zai ɗauki mako uku. Lambar zobenta, ranar, nisan, yanayin sama da lokacin da ta iso duk su shiga littafi a daren nan, domin daga littafin za a zaɓi waɗanda za a haɗa aure in Oktoba ta zagayo.